Lambun Da Dod Ya Bar Wa Baƙi

"Ba inda za ni," in ji Ishbel, ba ta ko ɗago kai daga shebur ɗin ba.

Wakilin gonar, Skene, ya dafa katangar dutsen ya maimaita: mata duk suna gona suna tsince duwatsu, ita kaɗai ake jira. Ya tuna mata cewa gidan da suke ciki na maigida ne, kuma da sharaɗin ubanta zai ba da mace ɗaya ta aiki aka ba su shi.

"Na san sharaɗin. Ni na karanta wa Baba takardar."

"Karatun nan shi zai kai ki ya baro," ya ce, ya juya.

Tsoho Dod Mutch, maƙwabcinsu, yana zaune bakin ƙofa cikin bargo, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Shekara arba'in ya yi yana bin dawakan garma, ya tashi daga gida sau goma sha ɗaya. Yanzu ƙirjinsa ya gaza, an ce ya fita ranar tashi, ranar da ma'aikatan gona ke sauya gida a ƙarshen watan Mayu, zuwa gidan gajiyayyu. Amma lokacin shuka yana riga ranar tashi, don haka mai barin gida shi ke shuka wa mai shigowa, da fatan wani ya shuka masa a can. Dod ya ce duk gidan da ya shiga ya tarar da dankali ya tsiro, daga hannun mutumin da bai taɓa gani ba. Skene ya ce masa ya huta, inda za shi babu lambu. Da safen nan Ishbel ta tsince shi a kife cikin taki, yana neman miƙewa da shebur.

"Ke 'yar boko, wannan layi ne ko maciji? Duk lissafin da kika sha!"

"Kaka, in ka iya, taso ka gyara."

Kwana uku tana haƙa masa lambun. Zama ya gagare ta, hankalinta rabi kan ƙasa rabi kan hanya. Ko karusa ta wuce sai ta ɗago ta duba, domin har yanzu maigida bai tsayar da ubanta, mai kiwon shanun gonar, ya ce masa ya zauna wata shekara ba, kuma wanda ba a yi wa maganar ba ya san ma'anar shirun. Uwarta ta zo bakin katanga sau biyu, ta lissafa mata ƙannenta huɗu da sunayensu, ta ce wa zai ɗauki mai kiwon shanu da 'yarsa ta raina wakili. Ishbel ta ce ta ji. Ta ci gaba da jera dankalin, tsiron yana kallon sama kamar yadda tsohon ya nuna.

Dod kuwa bai bar ta ta sarara ba. Kabeji kusa da katanga, inda iskar teku ba ta kaiwa. Albasa nesa da inuwa. Kunun da ta kawo masa ya huce a gefe, bai taɓa ba.

Rana ta uku da hantsi ya kira ta, muryar ta yi ƙasa.

"'Yata, saura nawa?"

"Layi ɗaya."

"Kada ki ƙwange shi don na ƙarshe ne. Mutumin da zai shigo yana da 'ya'ya, an ce."

Da ta kai ƙarshen layin ta waiwayo don ya kushe, sai ta ga kansa ya kwanta a kafaɗa, lofensa ya faɗi kan bargon. Ta rufe dankali biyun da suka rage, sannan ta wanke hannu ta je ta kira uwarta.

Maigida ya zo jana'iza, ya gaisa da kowa. Da ya iso kan ubanta sai ya yi maganar ruwan sama, ya wuce. Uban ya gane ba za a riƙe shi wata shekara ba. Washegari ya ɗauki shebur ya shiga nasu lambun, ya fara shuka wa baƙi.

Gidan da suka shekara bakwai a ciki ya tafi, aikin uban ya tafi. Sabon gidan da ya samu yana can kan tudu, ƙasa mai duwatsu, rufin yana yoyo, kuma uwarta ba ta sake yi mata doguwar magana ba sai da lokacin kaka ya zo.

Ranar tashi suka hau karusa, gado da tukwane a baya, agogon bango a cinyar uwar. A bakin hanya suka yi kiciɓis da wata karusar tana shigowa. Ishbel ta waiga. Wata mata mai goyo ta sauko a ƙofar Dod, ba ta ko shiga ɗaki ba, ta leƙa ta kan katanga, ta daɗe tana kallon ganyen da ya fara keto ƙasa, layin farko a ɗan karkace.