Turken Ƙofar Kudu

"To, sawun wa ke nan? Na akuya?" in ji Ren, tana kaɗa wani guntun kara a gaban hancin yayar mijinta.

Da wannan karan ta auno sawun da ta gani a filin awo, yanzu kuma so take ta gwada shi da takalmin Yaya Shun. Ita ko Shun ta naɗe ƙafafunta a ƙarƙashin riga, ta ce ko uwarta ba ta taɓa auna mata ƙafa da kara ba.

Kuang, mijin Ren, na zaune tsakaninsu, kunun geronsa ya huce. Shi ne mai awon inuwa na hakimi. Kwana uku ya yi yana daidaita filin nan da ruwa, ya kafa sanda, ya zana da'ira, ya buga turke ɗaya inda inuwa ta taɓa da hudowar rana, ɗaya da faɗuwarta. Daga turakun nan aka ja igiyar babban titin sabon gari har ƙofar kudu. In ƙofar ta karkace, ranar da hakimi zai tsaya a cikinta da tsakar rana inuwarsa ba za ta bi tsakiyar titi ba, kuma kan Kuang ne zai amsa.

Abin da ya tayar wa Ren hankali shi ne igiyar ta wuce bishiyoyin Shun da taku huɗu kacal, bishiyoyin da take ciyar da tsutsotsin siliki da ganyensu. Kowa a layin nan an rusa masa wani abu, har rijiyar mai wanki. Sai Shun kaɗai rana ta tsallake. Kuma matar da shekara goma ba ta kawo wa ƙanenta ko tafasasshen ruwa ba, a kwana ukun nan kullum tana bakin fili da kwanon abinci.

Shun ta ce zumunci ne. Ren ta ce zumuncin da ya san turken yamma, inda ta ga sawun.

Kuang dai ya tuna jiya da ya dafa turken nan ya ji yana ɗan girgiza, kamar haƙorin tsoho. Shi kuwa da guduma ya buga shi. Bai gaya wa kowa ba.

"Yaya," ya ce, idonsa a kwano, "gobe zan sake awon."

"Saboda karan wannan matar?"

"Saboda wuyana."

Shun ta tambaye shi in igiya ta hau bishiyoyin fa, bishiyoyin da ta goya shi a inuwarsu.

"Sai a sare, Yaya."

Ta miƙe, ta zare takalmi ɗaya ta jefa wa Ren a cinya.

"Ga shi nan, ki auna ki ƙoshi."

Ta fita tana ɗingishi, ta maka ƙofa har ƙasa ta zubo a kunun Kuang.