Gurbi na Shida

Sama'ilu ya jingine fartanya a bakin gonar gyaɗarsa, ya nufi makarantar firamaren ƙauyen da laka har idon sawu. Jiya 'yarsa Ramlat ta dawo ta ce an kira sunayen 'yan aji shida masu rubuta jarrabawar shiga sakandare, ba a kira nata ba. Yau kuma za a tafi da sunayen.

Ramlat zabiya ce, mai farar fata da raunin ido. Tun da iska ta yaye rufin ajinsu, a gindin dalbejiya ake karatu, allo jingine da bishiya, 'yan mata a baya kamar yadda aka saba. In hantsi ya yi, ba abin da take gani sai farin haske. A gida kuwa, da ta kawo takarda dab da hanci, ita ke karanta wa ubanta bayanin maganin feshi.

A ofis ya tarar da hedimasta Abdulrashid, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, tare da wani baƙo mai sabuwar jaka, Malam Kamaruddeen, da aka turo karɓar ƙididdigar yara masu buƙata ta musamman. Baƙon ya yi bitar kwana uku a Kano, ya dawo da fom mai gurbi shida, da yaƙinin cewa duk lalurar ɗan Adam a cikinsu ta ƙare.

"Audu, ina sunan 'yata?"

"Hedimasta ake cewa a nan," in ji Abdulrashid. "Ka goge ƙafa kuma."

"Zan goge in na ji amsa."

Baƙon ne ya yi bayani, a hankali, yadda ake yi wa manomi. Akwai raunin gani, kurumta, gurgunta, matsalar magana, farfaɗiya, sai na shida, jinkirin fahimta. Wanda ya faɗa na shida ba a sa shi jarrabawa, don tausayi.

"To, ita idonta ne. Me ya kai ta na shida?"

Hedimasta ya gyara hula. Bara, ya ce, an dawo masa da fom saboda ya bar gurbi ɗaya ba kowa, aka rubuto masa cewa bai yi bincike ba. Bana yana da masu raunin gani biyu, na shida kuma wayam. Sai ya raba.

"Ka raba," Sama'ilu ya ce. "Kamar taki."

Ya fita, ya dawo riƙe da hannun Ramlat. Ya zare fom ɗin daga gaban baƙon ya miƙa mata.

"Karanta musu."

Ta kawo takardar har tana taɓa girarta. Ta karanta Turancin layi-layi, tana juya wa ubanta da Hausa, har ta iso kan sunanta. Nan ta tsaya. Ta sake duba abin da aka rubuta a gefensa, ta faɗe shi da ƙaramar murya, sannan ta ajiye takardar tana kallon ƙasa.

Sai a lokacin Sama'ilu ya gane abin da shi da kansa ya sa ta faɗa da bakinta. Fushinsa ya ninku, domin yanzu har da shi a cikin masu laifi.

"Kun ji?" ya daka tsawa, har 'yan aji uku suka leƙo ta taga. "Ko ta maimaita muku a hankali?"

"Baba, a yi haƙuri," in ji Malam Kamaruddeen. "Kuskure ne na fasaha. A mayar da ita gurbi na ɗaya. Sai dai na shida fa? Ba zan tafi da shi haka ba."

"Ga ku nan ku biyu," in ji Sama'ilu. "Ku yi ƙuri'a."

Ba wanda ya yi dariya. Hedimasta ya buɗe rajista yana bin sunaye da yatsa, har ya tsaya kan wata Halimatu Sadiya, wadda iyayenta suka koma Bacirawa shekara biyu da suka wuce amma sunanta bai koma ba. Aka rubuta ta, baƙon ya buga hatimi, bincike ya cika. Sama'ilu bai motsa ba sai da aka sa Ramlat a jerin masu jarrabawa, ta karanta sunanta da kanta.

Daga nan ya ja ta zuwa gindin dalbejiya, ya ratsa ta cikin yara da ƙafafunsa masu laka, ya zaunar da ita gaban maza, inda in ta miƙa hannu za ta taɓa allo.

"Wa ya hana ta zama a nan?" ya tambayi malamin ajin.

Malamin ya duba ofis, ya duba allo. Ba wanda ya hana. Babu dai gurbin wannan a fom.