Shuɗin da Yaya Ta Dafa

Auta ta ɗaga 'yar kwalbar saitin taga, ta girgiza, ta sake girgizawa. Ruwan da ta kawo jiya shuɗi ne shar. Yau ya koma kamar ruwan kwata, ga wani baƙin gari kwance a gindi.

"Yaya, me kika yi masa?"

Yayarta, wadda ke kula da ɗakin renon ƙwayoyin cuta na jami'ar, ko waigowa ba ta yi ba, tana ta jera farantan gilashi. "Me fa? Tukunyar tururi na sa shi. Babu abin da ke taɓa farantaina sai ya bi ta can."

"Dafa shi kika yi?"

"Tsabtace shi na yi, malama."

Kan Auta ya ɗau zafi. Tun farkon zango take fama a sashen sinadarai, tana haɗa jan ƙarfe da amino asid, yau su ƙi kamawa, gobe su kama su lalace, har Allah Ya sa abin ya fito. Ɗan abin da ya fito ɗin kaf ta narkar ta kawo, a ɗiga a kan ƙwayoyin cuta a ga ko zai kashe su. Wannan sakamakon kaɗai Farfesan da ke duba aikinta ke jira ya sa ta cikin masu kare bincikensu bana.

"Tacewa ake yi, Yaya! Tacewa! Zafi raba su yake, ƙarfen ya kama gabansa, asid ɗin ya kama nasa!"

"To kin faɗa mini? Ku 'yan sinadarai ku kwaso abu da hannu dumu-dumu, ni kuma in zuba a farantina?"

"Ke ai komai kika gani sai tukunya. Wata rana mijinki za ki cusa a ciki!"

Yaya ta so yin dariya, sai ta ga ƙanwar tata ba wasa take yi ba. Ta sassauta murya. "Kawo nan. Jan ƙarfe ai ko shi kaɗai yana kisa. Mu ɗiga a haka, ƙwayoyin za su mutu, ki auna ki kai wa Farfesa. Wa zai tambaye ki kala?"

Wannan ta fi yi wa Auta ciwo, don ta san babu mai tambaya ɗin. Ta dubi kwalbar da ke hannunta.

"Wato in tsaya gaban mutane in ce haɗina ne ya yi aikin, alhali gawarsa ce? Kin ƙona mini abu, yanzu kuma za ki koya mini ƙarya?"

Ta buɗe tulun da ake zuba sharar sinadarai, ta juye ruwan kaf.

"Auta!"

"Bana ta wuce ni, shi ke nan." Ta zaro waya tana haki. "Amma Baba da ya gama shelanta wa dangi cewa autarsa ta kusa gamawa, wallahi ba ni zan faɗa masa ba."

Ta danna kiran Baba, ta ajiye wa Yaya wayar kusa da farantan. Yaya ta fara cire safar hannu a hankali, wayar na ta ringin.