Tsayin Zuciya

Nélida Arancibia ta sake saukowa daga ofishin darakta, karo na uku tun safe, takardar na hannunta ba ta sa mata hannu ba. Ƙarfe uku kwamiti zai zauna. Ita ce shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin masu tsananin ciwo, don haka ita za ta faɗi na'urar auna hawan jini da asibitin zai saya. Ba irin wadda ake ɗaurawa a dantse a hura ba. Wannan siririn bututu ake zurawa cikin jijiyar wuyan hannu, lamba ta riƙa fitowa a allo da kowane bugun zuciya.

Guda biyu aka kawo gwaji. Kowace tana da ɗan ma'auni kamar akwatin ashana, wanda dole ya zauna daidai tsayin zuciyar majinyaci. In ya yi ƙasa da zuciya, lambar ta yi sama, ƙarya tsagwaronta. Ta farko kyakkyawa ce, ma'auninta a maƙale jikin sandar ƙarin ruwa, allonta da launi huɗu. Darakta ya riga ya ɗauki hoto kusa da ita. Ta biyu mummuna ce, ma'auninta da ɗamara ake ɗaure shi a dantsen majinyaci, kamar laya.

Ta ƙi zama. Ta leƙa ɗakin magani, ta fito, ta zuba shayin ganyen koka, irin wanda mutanen ƙasar ke sha, ta bar shi ya huce. A nan birnin Cochabamba ba a tambayar nas ra'ayinta sai ana neman wanda za a ɗora wa laifi daga baya, kuma ta san haka.

Sha biyu da rabi aka buɗe wa masu dubiya ƙofa. Ba a jima ba na'urar gado na huɗu ta fara ƙara.

Wani da ake kira Don Hilarión ne a gadon, tsohon direban bas da aka yi wa aikin babbar jijiya shekaranjiya, ƙodarsa kuma ba ta da ƙarfi. Kyakkyawar na'urar aka sa masa. Dakta Zeballos, wanda bai cika shekara da gama karatu ba, yana tsaye da sirinji.

"Malama Nélida, daga ɗari da ashirin ya haye ɗari da hamsin da biyar. In ban sauke shi ba ɗinkin zai fashe."

"Dakata, ɗan likita."

"Allo ba ya ƙarya."

"Haka mijina ya ce game da talabijin, har ya mutu."

Ta dubi majinyacin. Yana zaune ram, leɓensa da maiƙo. Matarsa Doña Casilda tana gefe da cokali da ƙaramar tukunyar miyar gyaɗa a naɗe cikin mayafi.

"Mama, wa ya ɗaga gadon nan?"

"Ni mana. Na juya mariƙin can na ƙasa, da na wajen kai. Mutum ya sha miya a kwance? Kare ne shi?"

"Likita ya ce ruwa kawai zai sha."

"To ai ruwa ne a cikinta, 'yata."

Don Hilarión ya ce da ƙyar, "Ki bar ta, Malama. Shekara arba'in da ɗaya ban ci ta da gardama ba."

Nélida ta kwance ma'aunin daga sandar, ta ɗaga shi daidai ƙirjin tsohon. Lambar ta gangaro: ɗari da arba'in, ɗari da talatin, ɗari da ashirin da biyu. Ƙarar ta mutu. Dakta Zeballos ya dubi sirinjin da ke hannunsa. Da ya tura shi, da hawan jinin ya sauka ƙasa da abin da ƙodar nan za ta ɗauka. Ya ajiye shi a faranti a hankali, kunnuwansa sun yi ja.

Ƙarfe uku saura ta hau bene. Darakta Terrazas ya karanta abin da ta rubuta, ya cire tabarau.

"Mai ɗamara? Malama, a asibitocin waje ta sandar ake amfani da ita."

"A asibitocin waje matan mutane ba sa zuwa da tukunya, Dakta."

"Ai gyaran mai sauƙi ne. A rubuta sanarwa, a hana taɓa gado."

"Akwai ta. Ni na rubuta ta, shekara goma sha tara ke nan, da Sifaniyanci da yaren Kecuwa na mutanen nan."

"To a kori masu dubiya."

"Mu uku ne a kan gado goma. Su ke juya su, su goge musu baki. Ka kore su, ka sauko ka riƙe cokali."

Ya dubi hotonsa da na'urar a waya. Sannan ya turo mata alƙalami.

"In wani abu ya faru, sunanki ne a ƙasa."

"Kullum ai shi ne."

Ta sa hannu, ta sauko. A gado na huɗu ta cire ta sandar da kanta, ta ɗaura wa Don Hilarión mummunar a dantse, ta daidaita ta, ta kwantar da gadon. Ta je ta ɗauki shayinta da ya yi sanyi, ta sha a tsaye.

Kafin ta ajiye kofin ta ji ƙarar mariƙi yana juyawa. Doña Casilda ce a durƙushe, tana ɗaga mijinta don ya sha sauran. Lambar allo ba ta motsa daga ɗari da ashirin da biyu ba. A bango, a kan ƙusar da ke riƙe da sanarwar, matar ta rataye farar hularta.