Ruwan Wankan Iya Kellu

Ni mutum ce mai neman shawara har a kan gishirin miya. Ko atamfa zan saya sai na kira mutum uku. Don haka da kakata Larai ta rasu, na rasa inda zan sa kaina.

Ita ce mai wankan gawar mata a garinmu Balan, ni kuma nake zuba mata ruwa tun ina 'yar sakandare. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, babu inda hankalina yake kwanciya kamar ɗakin nan mai ƙamshin ganyen magarya da kafur. Ina son aikin. Wa zan gaya wa haka bai ce aljanu sun shafe ni ba?

Sai ga aikin koyarwa ya fito mini a wata makarantar kuɗi a Kano. Baffa Barau, ƙanin mahaifina, ya ce, "Muhsina, yarinya ɗanya da ke? Wane namiji zai ci tuwon hannun mai wankan gawa? Tattara ki tafi." Kowa ya ce gaskiyar Baffa, har waɗanda ba a tambaya ba. Na tattara.

Da hantsi ina zaune a motar Kano a tashar Gaya, ana jiran mutum ɗaya ta cika. Sai na ga Iya Kellu, tsohuwar nan Babarbariya mai daddawa a unguwarmu, tsaye jikin taga. Na yi mamaki, don ta daɗe ba ta iya zuwa ko bakin zaure.

"Iya, ina kwana? Wa ya kawo ki Gaya?"

Ta ɗora hannu a kan nawa, sanyi ƙalau kamar randa, ga rana tana dukan ƙarfen motar. Ƙudajen da suka dame mu ko ɗaya bai sauka a kanta ba.

"'Yar nan," ta ce, "ki ɗan ɗumama ruwan, ba na son sanyi. Kuma matan can bakinsu ba ya rufuwa."

Ɗan kamasho ya buga motar, na waiga. Da na juyo babu kowa, sai mai rake can nesa. Na tambayi matar da ke kusa da ni ko ta ga inda tsohuwar ta bi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja jakarta ta matsa.

Tsoro ya kama ni. Na ciro waya, na nemo lambar Baffa, yatsana yana kanta. Na san abin da zai ce. Na san abin da kowa zai ce. Nawa ra'ayin ne kaɗai ban taɓa saurara ba, alhali ya fi kowanne daɗewa a raina. Na mayar da wayar jaka, na ce a sauko mini da akwatina. Direba yana ta masifa, na tare ɗan acaɓa na koma Balan.

Tun daga bakin gari na hango maza zaune a ƙofar gidan Kellu. Da asuba ta cika, in ji su. A tsakar gida mata sun yi cirko-cirko, kowacce tana tura 'yar uwarta, wasu har sun fara leƙen ɗakin suna raɗa.

Baffa ya tare ni a zaure. "Ke! Ba kin tafi ba?"

"Na fasa, Baffa."

Ban jira amsarsa ba. Na sa aka ɗora ruwa a murhu, na taɓa da bayan hannu har ya yi daidai. Na kori masu leƙe, na bar 'yarta Batula ta zuba mini, na saki labule.

Da na yaye zanen, na gane abin da tsohuwar ta yi shekaru tana ɓoyewa, da dalilin da ya kai ta har tasha. Matan Balan sun tambaye ni ta gaba, sun tambaye ni ta baya. Baffa ma ya taɓa gwadawa. Har yau babu wanda ya ji a bakina, ku ma ba za ku ji ba.