Tsagen Ya Gumsu

A shekarar da kwamfuta ta fara shiga shagunan hoto na unguwar Fezzan, Ajimi ya kawo wa Pindar mai hoto hoton marigayiya mahaifiyarsa, Ya Gumsu. Shi kaɗai ya rage masa, kuma duk ya kakkarce. Pindar ya ɗora shi a kwamfuta, ya umarce ta ta share karcen. Nan take fuskar ta yi sumul.

Daga nan injin ya fara nishi. Fankarsa na kuka, jikinsa ya ɗau zafi kamar tukunya, ma'aunin aikinsa ya cika maƙil alhali ba wanda ya sa shi komai. Pindar ya hure ƙura, ya kashe ya kunna, nishin bai daina ba.

Ajimi ya daɗe yana kallo. "Malam Pindar, wannan ba Ya Gumsu ba ce. Ina tsagenta?"

Ashe injin ya haɗa tsagen Barebari da karce ya share. Kafin Pindar ya taɓa komai, layin farko na tsagen ya fito a kumatunta a cikin hoton, sannan na biyu, a hankali. Da na ƙarshe ya zauna daram, fankar ta yi shiru.