Kawu Langa a Sansanin Soja

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai talabijin ya san Kawu Langa. Shi ne kawun nan na finafinan barkwanci da ke sauka gidan ɗan'uwansa da 'yar jaka, ya ce kwana biyu zai yi, har fim ya ƙare yana nan bisa kujerar maigida, ya miƙe ƙafa yana tambaya ko an sauke tukunya. Iyaye da yara tare suke kallonsa, ba abin da zai sa wani ya sunkuyar da kai. Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

Yanzu ya tsufa, gwiwa ta hana shi sakat, ya daina fitowa a fim. Ranar da wani jami'in soja ya zo har falonsa yana roƙon ya je ya ɗebe wa sojojin bakin daga kewa, haƙuri ya yi niyyar ba shi. Matarsa ce ta leƙo daga kicin ta ce zai je. Autarsu ma'aikaciyar jinya ce a rundunar, kuma tun da aka lalata turakun waya a yankin ba su ƙara jin muryarta ba. Uwar duk ta rame.

A jirgin soja aka ɗauke shi, ya zauna kan benci tsakanin kwalayen magani, idonsa a rufe har suka sauka. Daga nan babbar mota ta yi ta jijjiga shi zuwa sansanin, wata tsohuwar makaranta da aka kewaye da buhunan yashi. Kwamandan ya tare shi da fara'a, yana ba shi labarin dukan da ya sha yana yaro saboda ya kwaikwayi tafiyar Kawu a gaban baƙi. Kawu bai bari ya kai ƙarshe ba ya tambaye shi 'yarsa.

Fara'ar ta ragu. Kwamandan ya ce kwanakin baya wata motar asibiti ta taka nakiya, an rarraba ma'aikatan da suka rage zuwa sansani daban-daban, shi kuma bai san wa ke ina ba. Ya yi alkawari zai sa a tambaya ta oba-oba, rediyon da sojoji ke magana da juna.

Da wannan maganar a ransa Kawu ya hau bayan motar da aka mayar dandali. Sojoji sun cika filin ƙwallo, bindigogi a kan cinya, wasu ko gemu ba su tsayar ba. Ya riƙe makirfo, ya buɗe baki, kansa ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da ya yi shekaru yana faɗa ko cikin barci ya ɓace masa.

Can daga baya wani soja ya ɗaga murya da tambayar da ake yi masa a kowane fim. "Kawu, yaushe za ka koma gida?"

"Jibi," bakinsa ya amsa da kansa. "Amma fara gaya mini me aka dafa."

Filin ya ɗauka da dariya. Daga nan harshensa ya saku. Ya ce yau ya ga waɗanda suka fi shi iya zaman baƙunta, tunda su ma kwana biyu aka ce musu. Ya taɓa kukun sansanin, ya ce ya ɗanɗana miyarsa, kuma shawararsa a daina ɓarnar harsashi, a aika wa abokan gaba tukunya guda. Kukun da kansa ya riƙe ciki. Su suna dariya, shi idonsa na kan ƙofar ɗakin oba-oba, ba wanda ya fito.

Da ya sauko kwamandan ya ce har yanzu shiru, amma masu rauni da ba su iya fitowa ba suna son ganinsa. Aka kai shi wani aji da aka jera gadaje, allon yana nan da ragowar lissafi a jiki. Yana tsaye kan wani soja mai naɗaɗɗiyar ƙafa, yana nuna masa yadda ake ɗingishi da aji, sai ya ji mota ta tsaya a waje. Bai waiga ba.

"Baba, da wannan hawan jinin naka wa ya bar ka ka hau jirgi?"

Autarsa ce tsaye bakin ƙofa da kwali a hannu, filasta a saman girarta. Ya zube a gefen gadon, daidai kan lafiyayyar ƙafar sojan. Majinyatan suka ɗauka cikin wasan ne, suka kwashe da dariya. Sai da suka ga yana share ido da hularsa suka daina.

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa. Ta ce ranar da aka taka nakiyar tana cikin motar da ke biye, gilashi ne kawai ya yanke ta, amma direban ta gaba ya rasu, mutumin kirki mai 'ya'ya ƙanana. Ta ji ana cigiyarta a oba-oba, sai ta biyo motar da ke kawo magani. Kawu ya yi wa mamacin addu'a, ya kuma yi ta hamdala a hankali, yana dubanta kamar zai ƙirga yatsunta.

Kwamandan ya ba su wayar ofishinsa mai aiki da tauraron ɗan'adam, suka kira gida. Uwar na jin muryar autarta ta fashe da kuka, ta yi ta jero tambayoyi, mijin ko gaisuwa bai samu ba. Bai damu ba.

Auta ta auna jininsa, ta harare shi, ta ba shi ƙwaya da ruwa. Sannan ta ce tunda ya zo ba zai zauna haka ba, za ta canza wa sojan nan bandeji, kuma akwai zafi. Kawu ya ja kujerar ɗalibai ya zauna daidai kan sojan, ya ce ya kalle shi, kada ya kalli ƙafar. Ya fara ba shi labarin ranar da akuyar da suka aro don fim ta cinye gemun roba na darakta, Auta kuma ta sa almakashi a bandejin.